Ruwan Da Na Mayar Cikin Bututu

Zangona na farko a ƙasar nan wani ɗaki ne a hawa na biyu, bayan manyan kantunan titin Wendover. In ka leƙa taga ba ka ganin mutum yana tafiya da ƙafarsa, sai motoci, kamar kowa gudun wani abu yake yi. Mijina Sani ya riga mu zuwa da shekara uku, yana lodin kaya a wani sito. Ni da 'yarmu Nana muka iske shi a watan Afrilu. Shekararta uku da rabi a lokacin, kuma da sikila aka haife ta. Duk uwar da ke da mai sikila ta san abin da sanyi yake nufi. Tun a gida, ko wanka zan yi mata sai na taɓa ruwan sau uku.

Wata uku muka yi tare. Daga nan ya ce ya samu aikin tuƙin babbar mota a wata jiha, zai je ya kama ɗaki ya dawo ya ɗauke mu. Da farko kullum yana kira. Sai ya koma ranar Juma'a. Sai wata Talata, ina tsaka da wanke-wanke, saƙo ya shigo. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma na iya gane kalmar saki. Ɗakin kuma ashe da sunan abokinsa aka kama shi. Abokin bai yi mini rashin mutunci ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa, ya ce matarsa za ta iso ƙarshen wata.

Zango na biyu tashar bas ce ta tsakiyar gari. Kwana uku ina zuwa in zauna a benci da Nana, don ban san inda ake neman aiki ba, na dai ga nan ne mutane ke haɗuwa. Rana ta uku Nana ta zubar da ruwa a rigarta, na daka mata tsawa. Sai wata tsohuwa da ke gefenmu ta juyo.

"Ke 'yar nan, a hankali mana. Mutuniyar ina ce?"

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. 'Yar Damagaram ce, tana goge-goge a ofisoshi. Ta ɓare wa Nana ayaba, ta bar ni na gama kukana, sannan ta ce akwai wata Hajiya a unguwar Sedgefield da ke neman mai zama a gida. "Ba ta da sauƙi," in ji ta, "amma gidanta akwai ɗumi." Da za mu rabu ta lalubo wani ƙulli a jakarta ta ba ni, irin zogale ne da na yakuwa. Ta ce in shuka, yana ƙara wa yaro jini. Ban sake ganinta ba, ko sunanta ban tambaya ba.

Hajiya Binta nas ce, maigidanta ya fi zama a Abuja. Bayan aikin asibiti tana sayar da leshi da atamfa, kayan na jibge a kwalaye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke ce wa besmen. A nan ta ba mu katifa. Ta ce zan yi shara da girki da wanki, ita kuma za ta sa ni makarantar koyon Turanci, ta nema mini takardun aiki. Duk lokacin da na tuna mata sai ta ce, "Rabi, kin cika gaggawa, wata mai zuwa." Na daina tambaya. Abin da na riƙe shi ne injin ɗumama gida a jikin bangonmu yake. In ka dafa bangon kamar ka dafa bayan mutum. Tagarmu guda ce, ƙarama, can sama daidai da ƙasar waje, ba ka ganin komai sai ciyawa da ƙafafun masu wucewa.

Ta wannan tagar na fara ganin abin. Na idar da sallar asuba sai na ji wani huci a waje, kamar maciji. Na taka kwali na leƙa. Wasu 'yan kawuna baƙaƙe ne suka ɓullo daga cikin ƙasa suna juyi suna fesa ruwa, babu mutum ko ɗaya a wurin. Da suka gama suka koma suka ɓuya. Da safe na tambayi Hajiya, ta yi dariya ta ce sifirinkila ce, bututu ne aka binne a duk filin gidan, agogo ke kunna ta.

"Ruwan daga wane kogi?"

"Wane irin kogi? Ruwan famfo ne, irin wanda kike sha."

Ni 'yar manomin rani ce daga wajen Kura. Tun ina shekara bakwai nake bin babana fadama, ni ke ɗura wa injin ban ruwa ruwa da gwangwani kafin ya ja igiya. Na ga an fasa wa mutum kai a kan layin ruwa. Ga shi nan ana shayar da ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci, in ta yi tsawo a aske a zubar. Amma ban ƙi abin ba. A duk ƙasar nan shi ne abu na farko da na gani na ce wannan na san shi. Tanda ban iya ba, injin wanki sai da na lalata wa Hajiya mayafi biyu, amma bututu da ruwa, wannan gidanmu ne.

Babana kuwa abu ɗaya ya fi nanata mini. Kada a bar inji da ƙishi, kada a bar tiyo a bushe. In an tashi daga aiki sai ya toshe bakin tiyon da ruwa a ciki, don wanda aka bari fanko shi ne ke tsagewa. Haka randar innata, ko tafiya za a yi sai an bar mata ruwa a gindi. Da wannan na girma: abin da babu komai a cikinsa shi ke fashewa.

A bayan rumfar ajiye kaya, inda Hajiya ba ta zuwa, akwai wani ɗan famfo da ke jikin layin sifirinkilar. Nan na kafta ƙasa da tsohon cokali na zuba irin da tsohuwar nan ta ba ni. Kafin Oktoba zogalen ya kai mini ƙugu. Nakan tsinko ganyen in sa wa Nana a miya, in riƙa duba cikin idonta ko ya ƙara ja.

Ƙarshen Oktoba wata tsohuwar farar mota ta tsaya a ƙofar gida tana jan wani inji a baya. Wani dattijo ya fito, gajere, da furfura a gemu. Na gaishe shi da ɗan Turancina, sai ya dubi ɗaurin ɗankwalina ya ce, "Ina kwana, 'yata. Bar wahalar da kanki."

Baba Bitrus ke nan, mutumin wajen Kafanchan. Malamin firamare ne a gida, a nan kuma ya koma mai gyaran sifirinkila. Gidajen 'yan Najeriya da yawa a unguwar shi ke yi musu, Hajiya ce ma ta haɗa shi da su. Nana ta laɓe a bayana, ya zaro alewa ya miƙa mata, ya tambaye ni me ya sa idonta ya yi ɗorawa haka. Na faɗa masa. Ya ce ƙanwarsa ma da ciwon ta rayu. Bai ce ta warke ba, ni ma ban tambaya ba.

"Yau me za a yi, Baba?"

"Yau za mu kore ruwa. Sanyi na zuwa."

Na bi shi ina kallo, don ni haka nake, ba na iya ganin ana aiki ban sa ido ba. Ya fara buɗe wani koren murfi a ƙasa kusa da titi, ya zura hannu ya murɗa babban makullin ruwan, wato bawul, ya rufe. Ya ɗauki hotonsa da waya. Na ce hoton na mene ne? Ya ce, "Shaida. A ƙasar nan bakinka ba ya isa." Daga nan ya je jikin bangon gida, dab da tagarmu, inda wani abu na tagulla ya fito daga ƙasa mai hannaye biyu da 'yan ƙananan kusoshi. Ya ce aikinsa hana ruwan ciyawa komawa cikin ruwan sha. Ya jona tiyon injinsa a gaba da shi, ya tayar.

Wayyo, ƙarar! Nana ta toshe kunne. Kawunan nan suka miƙe suna tofar da ruwa, sannan ruwan ya koma feshi, feshin ya koma hayaƙi fari, daga ƙarshe sai huci kawai. Sashe-sashe yake yi, ya fara da na can nesa. Ba ya barin iskar ta daɗe, ya ce in ta daɗe robar na zafi ta lalace. Ya bi kowane sashe sau biyu. Har ɗan famfona na bayan rumfa ya buɗe, ya ga zogalen, ya kalle ni, ya yi murmushi. Da ya gama ya bar hannayen tagullar a karkace, ba a buɗe ba ba a rufe ba, ya sassauta 'yan kusoshin, ya lulluɓe ta da wata jaka mai kauri.

Na kasa haƙuri. "Baba, yanzu haka za a bar su fanko har wata nawa?"

"Har Afrilu."

"Ai za su tsage."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Yar fadama! A can rana ke cin tiyo. A nan ruwan ne da kansa. In ya daskare kumbura yake yi, ƙarfe ma sai ya fasa. Kada ki taɓa, kin ji?"

Na ce to. Amma a raina cewa na yi, malamin makaranta ne, a littafi ya karanta. Ruwa da laushinsa zai fasa tagulla? Wallahi da na tsaya na yi tunani, da na tuna kwalbar zoɓon da na cika har wuya na sa a firiza a watan Agusta, ta fashe, Hajiya ta yi ta faɗa. Ni a lokacin na ɗauka kwalbar ce ba ta da kyau.

Sanyin da aka ce yana zuwa bai zo ba. Nuwamba ta shigo da rana mai daɗi, mutane na buga ƙwallon golf da 'yar riga. Sati biyu ba a yi ruwan sama ba. Zogalena ya fara sunkuyar da kai. Ba na iya ɗaukar bokiti in ratsa falo, don akwai kyamara, kuma Hajiya ta ce dokar unguwa ta hana shuke-shuke barkatai. Kullum in na wuce ta kan ciyawar sai in ji kamar ina taka wani abu mai ƙishi. Har na fara tunanin in bututun suka tsage Baba Bitrus za a zarga, bawan Allah, ga shi ya yi mana kirki.

Wata Laraba da Hajiya ta tafi aiki, na cire jakar, na mayar da hannayen yadda suke a da, na ɗaure 'yan kusoshin da bakin cokali. Na je wajen koren murfin na murɗa bawul ɗin a hankali. Na ji ruwan yana gudu a ƙarƙashin ƙafata, yana ƙugi yana cika wurarensa. Ban ji daɗi irin na ranar ba tun da na sauka a ƙasar nan. Na shayar da shukata, na bar komai a cike. Maɗaurin jakar ya ƙi kamawa, sai na yagi bakin wani tsohon zanina mai ruwan goro na ɗaure ta da shi tamau.

A farkon Disamba sanyin ya sauko, a yini ɗaya. Da safe ciyawa ta yi fari fat, zogalen ya zama baƙi kamar an babbaka shi. Kwana biyu ko hanci ban bari Nana ta fitar ba. Na sa mata safa biyu, na tura katifar ta manne da bangon nan mai ɗumi. Har ina gode wa Allah da na bar wa bututun ruwa, kada sanyi ya same su a bushe.

Rana ta uku Asabar ce, rana ta fito. Da hantsi ina sama ina guga sai na ji Nana ta ƙwala kira. Na sauko a guje. Ruwa ne ke kwararowa ta tagar, yana bin bango kamar an buɗe madatsa. Nana na tsaye a tsakiyar ɗaki da safarta, ruwan ƙanƙara har idon sawu. Na sure ta, na tuɓe safar, na cusa ƙafafunta cikin rigata a kan cikina, ina ta salati. Kwalayen leshi kuwa gindinsu duk ya jiƙe.

Hajiya ta fito da kayan barci, ta leƙa waje. Tagullar ta tsage ta gefe, ruwa na tsartuwa ta ƙarƙashin jakar kai tsaye zuwa ramin tagarmu. Ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! A ina ake kashe wannan abin? Rabi, kin san inda ake kashewa?"

Na sani. Taku talatin ne daga inda nake tsaye. Amma in na je na buɗe koren murfin nan, ta san wanda ya taɓa buɗe shi. Na dubi titi, na dubi bishiyoyin da babu ganye ko ɗaya, na ji ƙafafun Nana kamar ƙanƙara a cikina.

Na ce, "Ban sani ba, Hajiya."

Haka muka tsaya ruwa na shiga ɗaki har Baba Bitrus ya iso. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya wuce ya rufe bawul ɗin. Ya daɗe a durƙushe a wurin. Sannan ya zo wajen tagullar, ya kwance ƙyallen zanina, ya juya shi a hannunsa. Ragowar zanin kuwa shi ne na goya Nana da shi a lokacin.

"Malam Bitrus, wannan wane irin aiki ne?" Hajiya ta taso masa. "Ni na kawo ka unguwar nan! Ni na ce wa mutane kai mai amana ne! Ka zo ka yi ta ƙara da inji, ashe ko rufe ruwan ba ka yi ba? Dubi kayana! Kayan bikin mutane ne!"

Ya zaro wayarsa. Na ga babban yatsansa yana shafa gilashin, na san abin da yake nema, na kuma ga lokacin da ya same shi. Ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, kamar malami ya yi tambaya a aji yana jiran a ɗaga hannu. Nana ta yi tari a bayana. Na sunkuyar da kai.

Ya mayar da wayar aljihu. "Zan gyara, Hajiya."

"Za ka gyara? Abin da za ka ce ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya sa ƙyallen a aljihu ɗaya da wayar. Ya sauya tagullar, ya sake kore ruwan, ya kawo fankoki suka busar da ɗakin. Kwana biyar muna kwana a ɗakin wanki, sannan muka koma jikin bangonmu. Ƙafar Nana ta yi ciwo kwana biyu, Allah ya taƙaita.

Tun a ranar Hajiya ta ɗauki hoton kwalayen ta tura gurup ɗin matan unguwa na waya. Ina yanka albasa ina jin tana naɗar murya: kada wanda ya sake ba shi aiki, tsufa ya kama shi, ga abin da ya yi mata. Amsoshi suna ta shigowa, ƙit, ƙit. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi, aka ce za a yi dusar ƙanƙara. Na ce to bayan ta narke. Janairu ta zo da sanyin da ya fi na baya. Kullum da safe sai na duba wayata in ga lambar sanyin ranar, in dubi Nana, in haɗiye maganar. Ba mantawa na yi ba. Ina sane nake jira, wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.

A watan Afrilu wani Bature ya zo da sabuwar mota ya buɗe ruwan. Kawunan suka miƙe suna juyi kamar ba abin da ya faru. Ranar na cire wa Nana rigar sanyi, da yamma na sami Hajiya a kicin na faɗa mata komai, har da cokalin.

Ta juyo ta dube ni. "Wata huɗu kina cin abincina da wannan a cikinki?"

"Hajiya, don Allah ki faɗa a gurup ɗin cewa ba shi ba ne."

"In ce me? In ce 'yar aikina ta mayar da ni sakarya? Ki haɗa kayanki."

Sati ɗaya ta ba ni. A gurup kuwa ba ta ce komai ba.

Zango na huɗu ya dawo da ni Wendover, ɗaki ɗaya da wasu mata biyu 'yan Gana, muna bin gidaje muna shara. Tagar ɗakin ba ta rufuwa sosai, tun yanzu na fara tara tsummokaran da zan toshe ta. A nan ne wata rana na shiga wani babban kanti sayen sabulu, na hango Baba Bitrus a sashen furanni, sanye da rigar ma'aikata, yana ba tukwane ruwa da tiyo. Na yi kamar in juya. Nana ce ta gane shi ta saki hannuna.

Na durƙusa har ƙasa a gaban mutane. "Baba, ina wuni."

"Lafiya. Tashi, a nan ba a yin haka." Ya dafa kan Nana. "Sau nawa ta kwanta asibiti da sanyin nan?"

"Ko sau ɗaya."

"To, madalla."

"Na faɗa wa Hajiya, Baba. Ta kore ni."

"Yaushe kika faɗa?"

"Afrilu."

Ya matsa gaba ya shayar da tukunya biyu kafin ya yi magana. "A raina sati ɗaya na ba ki. Na ce tsoro ne, in ta nutsu za ta faɗa, Hajiya ta huce, kowa ya zauna a inda yake. Kullum ina duba waya. A Fabrairu na sayar da injin."

Na ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ko yau aka mayar da ni ranar, ban san ko zan iya buɗe baki ba."

"Na sani. Ni ma ko yau ne ba zan nuna hoton ba. Amma wannan daban, wancan daban."

"Ka yafe mini."

Ya dubi tiyon da ke hannunsa, ruwa na zuba a kan takalminsa. "Ki dawo wani lokaci ki sake tambaya, 'yata. Yau ina aiki."

Yanzu Oktoba ta sake zagayowa. Jiya muna shara a wani gida sai na ji ƙarar irin injin nan daga maƙwabta, na leƙa na ga farin hayaƙi yana tashi daga ciyawa. Na tsaya da tsintsiya a hannu har sai da ya koma huci. Matar gidan ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya.

Gobe Asabar, Baba Bitrus yana aikin safe. Na wanke wa Nana rigarta mai kauri, bas ɗin ƙarfe tara za mu hau.